Za a iya kiwon kaji da talo-talo a gona ɗaya?

Tambaya: Ina da kaji wajen 40 a 'yar gonata, yawanci na gida sai kaɗan masu ƙwai. Da rana suna yawo a fili, da dare su shiga akurki. Ina so in ƙara 'ya'yan talo-talo 15 don in sayar a ƙarshen shekara. Wasu sun ce in haɗa su kawai, abinci ɗaya, wurin kwana ɗaya. Wasu kuma sun ce kaji na kashe talo-talo. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, waɗanda suka ce maka kaji na kashe talo-talo sun fi kusa da gaskiya, ko da yake ba da baki ko ƙafa suke kashe shi ba. Ajiye su a gona ɗaya yana yiwuwa, mutane na yi suna kuma cin riba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka sauke 'ya'yan talo-talo a kan ƙasar da kaji 40 suka daɗe suna kashi a kanta, sannan ka ɗora su a kan abincin kajin. Ƙasar da abincin su ne ke cinye jarin mai sabon kiwo, kuma a dukkansu talo-talon ne ke kwana ciki, kaza ba abin da ke samunta.

Cutar da ake tsoro ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira histomoniyasis, masu kiwo kuma su ce baƙin kai. Wata ƙwayar cuta mai suna Histomonas meleagridis ke kawo ta. Ita kaɗai ba ta da juriya, in ta fito cikin kashi sa'o'i kaɗan take yi a waje ta mutu. Amma tana da maɓoya. Akwai wata siririyar tsutsar ciki, Heterakis gallinarum, wadda tsawonta bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, mai zama a cikin 'yan jakunkuna biyu da ke kusa da ƙarshen hanjin kaza. Ƙwayar cutar kan shige cikin ƙwan wannan tsutsa, ƙwan ya fito tare da kashin kazar, ya zauna a ƙasa mai laima shekara biyu zuwa uku da ransa. Ita ma tana, wadda ke fitowa bayan an yi ruwa, takan haɗiye ƙwan ta riƙe shi a jikinta, duk tsuntsun da ya cinye ta ya ɗauka. Zabi ma suna ɗauke da tsutsar nan kamar kaji, don haka in kana da su, abin da za a faɗa kan kaji ya shafe su.

Kaza na iya yawo da tsutsar da ƙwayar cutar duk rayuwarta kana ganinta garau, iyaka dai ƙwai ya ɗan ragu. Talo-talo kuwa, kwana 7 zuwa 12 bayan ya haɗiyi ƙwan tsutsar sai ka ga ya tsaya gefe ya saki fukafukai, ya sunkuyar da kai, ya daina ci, yana zawo mai ruwan ɗorawa. Wannan zawon shi ne babbar alama. Kada ka jira kai ya yi baƙi, sau da yawa ba ya yi. In ɗaya ya mutu, a buɗe cikinsa: za a ga hanta da tabo zagaye-zagaye masu ɗan lotsawa a tsakiya, jakunkunan hanjin nan biyu sun kumbura, cikinsu ya cika da wani abu mai tauri fari-fari. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake rikita shi da wata cuta ba. Ta fi yi wa 'yan wata ɗaya zuwa huɗu ɓarna, kuma in ta shiga garken ƙanana takan kwashe mafi yawansu, wani lokaci duka. Da zarar ɗaya ya kamu ba sai da tsutsa ba kuma, suna ɗauka daga sabon zawon junansu in sun kwanta a kai.

Ba ta da allurar rigakafi a kasuwa. Maganin ƙarshe da aka yarda a riƙa sawa a abinci don kare ta a Amurka, nitarsone, an janye shi a 2015. Magunguna irin su metronidazole da dimetridazole suna kashe ƙwayar, amma Turai da Amurka sun hana ba da su ga dabbar da za a ci saboda ragowar da suke bari a nama. Wannan hukunci ne na likitan dabbobi, ba na mai shagon magani ba, kuma ko an ba da, wanda hantarsa ta riga ta lalace ba ya tashi. Shi ya sa duk ƙoƙarin ke komawa kan hana ɗan talo-talo taka ƙasar kaji.

Za ka ce ai ga maƙwabci can ya haɗa nasa shekara da shekaru ba abin da ya faru. Ana samun haka. A inda ƙasa take rairayi, rana na dukanta, ruwa ba ya kwanciya, ƙwan tsutsar ba ya daɗewa kamar a ƙasa mai laka da inuwa. Tsuntsaye kaɗan a fili mai faɗi su ma ba sa tara ƙwan da yawa wuri guda, kuma babban talo-talon gida ya fi ƙaramin na turawa juriya nesa ba kusa ba. Sai dai a tambayi maƙwabcin nawa ake ƙyanƙyashe masa, nawa ke kaiwa girma. Yawanci a nan asarar take ɓuya, ana ɗora laifin kan sanyi ko raɓa.

To ga yadda za ka tsara wurin. Ka ware wa talo-talo ɓangaren da kaji ba su saba zama ba, kuma ya kasance ta sama, yadda ruwan damina ba zai gangaro da kashin kaji zuwa wurinsu ba. In gonar duka kaji sun tattake ta, ka yi wa ɗakin talo-talo daɓen siminti, filin gabansa kuma a kankare ƙasar sama a kwashe, a zuba sabon yashi mai kauri. Kada ka dogara da feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta, bai cika yi wa ƙwan tsutsa komai ba, bushewa da zafin rana sun fi shi aiki. Shingen waya ya kai mita 1.5 zuwa 1.8, a kuma rage gashin fiffike ɗaya na talo-talon gida da na kajin da ke tsallake, domin dukkansu suna tashi. Babban talo-talo na bukatar kamar rabin murabba'in mita zuwa murabba'i ɗaya a cikin ɗaki, wato wurin kaji uku ko huɗu. Naka 15, ɗaki mai mita 3 da mita 4 zai ɗauke su har sayarwa in suna da filin fita. Sandar kwana ta zama mai kauri, kowanne ya sami santimita 40, kuma ga masu nauyi kada tsayinta daga ƙasa ya wuce santimita 60, don dirowa daga sama na lalata musu ƙafa.

Sauran kuma ɗabi'a ce ta yau da kullum, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Mai ba da abinci ya fara da ƙananan talo-talo, sannan manya, kaji su zo ƙarshe. A ajiye takalmi guda a ƙofar ɗakin talo-talo wanda ba ya zuwa ko'ina. Tsintsiya, shebur, mazubin ruwa, kowane ɓangare da nasa. Takin kaji kada a watsa shi inda talo-talo za su yi kiwo.

Kajin kuma a riƙa ba su maganin tsutsa, tunda su ne rumbun cutar. Nan akwai kuskuren da ya yaɗu: piperazine, wanda aka fi saye saboda araha, yana fitar da manyan tsutsotsin hanji amma bai cika taɓa Heterakis ba. Fenbendazole, flubendazole ko levamisole su ne ke kama ta. Tsutsar na ɗaukar kamar wata guda daga shiga ciki zuwa fara zuba ƙwai, don haka da damina a maimaita duk bayan mako huɗu zuwa shida, da rani a iya tsawaitawa zuwa wata uku. A bi awon da ke jikin kwalba da kwanakin da aka ce a dakata kafin a ci ƙwai ko nama. Ka fara wannan tun makonni kafin 'ya'yan talo-talon su iso. Maganin tsutsa yana rage sabon ƙwan tsutsa ne kawai, wanda ke cikin ƙasa yana nan.

Renon makonnin farko shi ne wuri na biyu da ake asara, kuma ba ruwan kaji a ciki. Ɗan talo-talo ya fi ɗan tsako son ɗumi: digiri 35 zuwa 37 a daidai tsayin bayansa a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashi ya rufe shi wajen mako na shida. In ba ka da ma'aunin zafi, dube su. Sun cunkushe ƙarƙashin wuta, sanyi suke ji. Sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Sun bazu suna ci, daidai ne. A kewaye su da kwali ko silin a zagaye, ba mai kusurwa ba, saboda in suka tsorata ko suka ji sanyi sukan taru a lungu su danne juna har lahira. Mai amfani da kaskon gawayi ya bari ya ruru a waje tukuna, ya kuma bar kafar iska ta sama, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki na kashe su cikin dare ɗaya. Shimfiɗa ta zama sassaƙen katako mai faɗi. Garin katako mai laushi sukan ɗauka abinci ne su cika ciki da shi, jarida ko leda kuma santsi ne da su, ƙafafu su buɗe ba su sake haɗuwa. A kwana ukun farko ka shimfiɗa buhun algarara a kan sassaƙen. In kana da hali, keji mai ƙasan waya da aka ɗaga sama da ƙasa ya fi komai har zuwa mako takwas, tunda ba su taka kashi ba balle ƙasa. Bayan haka a sauke su, waya na yi wa masu nauyi ciwo a ƙafa da ƙirji.

Mutuwar da ake gani tsakanin kwana na uku da na shida yawanci yunwa ce da ƙishirwa, alhali ga abinci ga ruwa a gabansu. Ɗan talo-talo na da nawar gane abinci, yana rayuwa ne da ragowar ƙwaiduwar da ke cikinsa, in ta ƙare bai koyi ci ba sai ya faɗi. Da sun iso a tsoma bakin kowanne a ruwa, ɗaya bayan ɗaya. A zuba 'yan duwatsu masu sheƙi a mazubin ruwa, suna jan hankalinsu su sara, suna kuma hana su faɗawa ciki su jiƙe. A barbaɗa dafaffen ƙwai da aka marmasa a kan abinci, a bar haske mai ƙarfi dare da rana na kwana uku. Da daddare a taɓa maƙoshin kowanne ta ƙasan wuya, wanda ba komai a ciki a sake koya masa. A wannan gaɓa kaɗai haɗawa ke da amfani: 'yan tsaki biyu ko uku 'yan kwana ɗaya, waɗanda suka fito daga injin ƙyanƙyasa ba su taɓa taka ƙasa ba, suna koya wa 'ya'yan talo-talo ci da sha cikin yini guda. Ba su ɗauke da tsutsa tukuna. Bayan mako biyu ko uku a cire su. Kada a ɗauko tsakon da ke bin uwarsa a tsakar gida a yi wannan da shi. A kuma kiyaye 'ya'yan talo-talon daga ruwan sama da raɓar safe har sai sun wuce mako takwas.

Sai abinci. Ɗan talo-talo na bukatar furotin kashi 28 cikin 100 a makonni huɗun farko, kashi 26 zuwa mako takwas, 22 zuwa mako 12, 19 zuwa mako 16, daga nan ya sauko 16 zuwa 14. Sitata, wato abincin farko na kamfani, na 'yan tsaki na kaiwa kashi 20 ne, na buroila 22 ko 23. Dusa da tsabar dawa da kajin gida ke rayuwa a kansu ba su kai ko rabin bukatarsa ba. In aka rena shi da su ba lallai ya mutu ba, amma zai tsumbure, gashi ya ƙi fitowa daidai, gwiwoyi su kumbura, ƙafa ta karkace, su fara tsattsage juna. In ka sami sitatan talo-talo na kamfani, shi ne mafi sauƙi. In babu, ana ɗaga na buroila: buhu mai kilo 25 na kashi 22, a ƙara masa kilo 5 na garin waken soya da aka tatse mai, wanda ke da kashi 44, da kilo 2 na garin kifi mai kashi 60. Kilo 32 ke nan, furotin ya kusa kashi 28. A gauraya sosai, a kuma riƙa sa bitamin a ruwa saboda ƙarin ya tsarma wanda ke cikin buhun. Waken soya ɗanye ba a ba su, sai an soya shi, yana da sinadarin da ke hana narkewar abinci. Garin kifi kuma a ɗanɗana, mai gishiri na sa su zawo. Gara da fara da yankakken ganyen zogale ƙari ne mai kyau daga mako na biyu, amma ba su maye gurbin abincin.

Kafin ka buɗe kowane buhun abincin buroila ga talo-talo, karanta takardar da ke jikinsa. Kamfanoni kan sa maganin koksidiyosis, wato zawon jini, a ciki, kuma biyu daga cikin irin waɗannan magunguna, salinomycin da narasin, guba ne ga talo-talo a awon da kaza ke ci lafiya. Monensin ma na kayar da manyan da ba su saba da shi ba. Alamar ita ce ƙafafu su mutu, tsuntsu ya kwanta a kan ƙirji yana haki, ga shi ba zawo ba mura, kuma manya sun fi ƙanana faɗuwa. In takardar ba ta faɗi irin maganin ba, a tambayi dillalin, in bai sani ba a bar buhun. Wannan ma dalili ne na hana talo-talo kaiwa ga mazubin buroila. Shi zawon jinin kansa ba ya tsallakawa tsakaninsu, kowane jinsi da irin ƙwayar da ke kama shi.

Abincin kaji masu ƙwai kuwa kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4, an yi shi ne don ɓawon ƙwai. Talo-talon da ke tasowa in ya daɗe a kansa ƙodarsa na lalacewa. Macen da ke cikin yin ƙwai kaɗai za ta iya cinsa.

Masu haɗa abinci da kansu su kula da masara da ƙuli-ƙuli. Talo-talo na cikin tsuntsayen da gubar fumfuna, aflatoksin, ta fi yi wa illa. Ta dalilinsa ma aka gano gubar: a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyada ce da aka shigo da ita daga Birazil. Masarar da ta sha laima a rumbu, ko ƙuli-ƙulin da ya canza wari, kajin gida za su ci su wuce, 'ya'yan talo-talo su ci hanta ta tafi. Buhu ya hau kan katako, kada ya jingina da bango, kuma kada ka sayi abin da zai wuce wata guda a ajiye lokacin damina.

Rigakafi kusan tare za su yi. Cutar Niyukasil, mai share kajin ƙauye da hunturu, tana kama dukkansu, kuma ba amfani ka yi wa talo-talo ka bar kaji 40 a gefensu ba rigakafi. Ana ba da na farko a makon farko, nau'in rigakafin da ake kira Lasota a mako na uku da wajen na shida zuwa takwas, sannan duk bayan wata uku. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na yin waɗannan, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ya dace da inda ba firji. In a ruwa za a ba da, a janye ruwan sha na awa ɗaya ko biyu, a yi amfani da ruwan rijiya ko burtsatse marar sinadarin kulorin, su shanye cikin awa biyu. Ƙyandar kaji, wadda sauro ke yaɗawa da damina, ta fi muni a kan talo-talo saboda kansa da wuyansa ba gashi, ƙurajen kan rufe ido har ya kasa ganin abinci. Kaza a fatar fiffike ake soka mata wannan rigakafi, talo-talo kuwa a cinya, domin yakan cusa kai ƙarƙashin fiffike in zai yi barci, sai maganin ya fito masa a fuska. Bayan mako guda a duba wurin, ɗan kumburi ko ɓawo na nuna ya kama. Gumboro cutar kaji ce, ba sai an kashe kuɗi an yi wa talo-talo ba.

Akwai kuma murar nan mai naci da kajin gida ke yawo da ita, wadda Mycoplasma gallisepticum ke kawowa. A kaza ɗan atishawa ne da minshari. A talo-talo sai ƙasan ido ya kumbura ya cika da majina har idon ya rufe. Maganin tylosin na kwantar da ita amma ba ya raba tsuntsu da ƙwayar, kuma tana bi ta ƙwai zuwa 'ya'ya, don haka wanda ya taɓa yi ba a barinsa iri. Ita iska da ruwan sha ke ɗaukarta, shi ya sa ɗaki ɗaya da aka raba da waya bai wadatar ba, gara ɗakuna biyu da 'yar tazara. Duk tsuntsun da aka sayo daga kasuwa ya yi mako uku shi kaɗai kafin ya kusanci kowa. In kuma ka wayi gari ka tarar da mutuwa da yawa lokaci guda a kaji da talo-talo, kada ka yanka ka kai kasuwa, ka sanar da ofishin dabbobi. Murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Nijeriya a Jihar Kaduna a 2006, haka take shigowa, kuma talo-talo na cikin masu saurin faɗuwa.

In sun wuce wata huɗu, wasu kan sake su da rana su yi kiwo tare da kaji. Haɗarin ya ragu amma bai tafi ba, kuma a ganinmu ga wanda zai sayar a Disamba ba ribar da ke cikin yin haka bayan ya kashe kuɗin wata huɗu a kansu. In dai sai ka yi, ka bari ƙasa ta bushe bayan ɗaukewar ruwa, wurin kwana kuma ya ci gaba da zama daban. Namijin talo-talo na kafa iko a kan mazubi, yana faɗa da zakara har ya ji masa rauni, wani kuma kan hau kaza ya karya ta. Ka yi wa ɗakin kaji 'yar ƙofa mai faɗin santimita 20 wadda kaza za ta shige babban talo-talo ya kasa, abincin kajin ya zauna a ciki. Hakan ya raba faɗa, ya kuma raba abinci.

Irin da za ka saya shi zai faɗa maka watan farawa. Farare na turawa masu faɗin ƙirji suna kai girman sayarwa a mako 18 zuwa 22, namiji na iya haura kilo 12 in ya sami abinci, amma zai ci kusan buhu biyu masu kilo 25 shi kaɗai kafin nan. Ka lissafa wannan sau 15 tun kafin ka biya kuɗin 'ya'yan, domin wanda abinci ya yanke masa a wata na uku ya yi asarar na baya ma. Ba sa jure zafin bazara, kuma nauyi ba ya barin namijin ya yi barbara da kansa, don haka ba na ajiye iri ba ne. Don kasuwar Kirsimeti da sabuwar shekara, wadda ita ce babbar kasuwar talo-talo a Kaduna, Jos, Abuja da Sabon Garin Kano, za ka karɓe su ne a Yuli ko farkon Agusta. Wato renonsu zai faɗo tsakiyar damina, lokacin laima da tana da sauro, lokacin da duk abubuwan da aka lissafa a sama suka fi ƙarfi. Na gida sun fi juriya, suna kiwo da kansu, amma suna bukatar wata bakwai zuwa takwas, nauyinsu kuma bai kai rabin na farare ba, sai a fara da su tun Afrilu ko Mayu. Ga wanda bai taɓa yi ba, na gida ko ruwa-biyu sun fi yafe kuskure. Sayen 'yan mako shida zuwa takwas da aka riga aka rena ya fi tsada, amma ya tsallake da kai lokacin da aka fi mutuwa, muddin ka ga inda aka rene su ka tabbatar ba cikin kaji ba ne.

In daga baya ka so ka riƙa ƙyanƙyasa da kanka, ka bar namiji ɗaya ga mata biyar zuwa takwas. Matan kan fara ƙwai wajen wata bakwai zuwa takwas, kuma suna son ɓoye shi a ciyawa, don haka a yi musu akwati mai santimita 60 kowane gefe a lungu mai duhu. Ƙwan talo-talo kwana 28 yake yi, na kaza 21. Kazar gida mai kwanci na iya rufe ƙwan talo-talo biyar ko shida, kuma takan fi uwar talo-talo kula, sai dai ita ce kuma za ta fara zuba musu ƙwan tsutsa. A ba ta maganin tsutsa kafin a sa mata ƙwan, ta yi kwancin a kan sabuwar shimfiɗa nesa da akurki, da sun ƙyanƙyashe sun bushe a kwashe su zuwa wurin reno. A inji kuwa, in za a haɗa iri biyun, ƙwan kaza ya shiga bayan na talo-talo da kwana bakwai don su fito rana ɗaya, a daina juya su kwana uku kafin ranar. Ƙwan da za a sa kada ya wuce mako guda a ajiye, kuma da bazara a aje shi wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa, tsinin yana kallon ƙasa.